Nuriyya Mode, Likitar da ta Bi Sawun Jini zuwa Ƙodar Ɗan Tayi

Haihuwa da Asali

An haifi Farfesa Nuriyya Mode a birnin Sakkwato cikin watan Zulki'ida na shekarar 1381 bayan Hijira, wanda ya yi daidai da watan Afrilu na 1962. Mahaifinta, Malam Mode, manomi ne mai shuka gero da dawa a tudu, da shinkafa a fadamar gulbin Rima. Mahaifiyarta, Iyatu, ungozoma ce wadda matan unguwa suka amince da hannunta tun kafin ta fara furfura. Nuriyya ita ce ƙarama cikin 'ya'yansu biyu da suka rayu, kuma tsakaninta da wanta Muntari akwai shekara goma sha ɗaya.

Ta taso yarinya mai shiru, mai yawan tafakkuri, irin wadda akan aika ɗibar ruwa a tarar da ita tsaye a bakin randa tana kallon fuskarta tana rawa a ciki. Tsakanin azahar da la'asar, lokacin da zafin Sakkwato kan kwantar da gari har tsuntsaye su yi shiru, mata masu ciki kan shigo ɗakin Iyatu su kwanta a tabarma. Ita kuwa Nuriyya takan rakuɓe a bakin ƙofa tana kallon yadda mahaifiyarta ke rufe ido, ta aza tafukanta biyu a kan ciki, ta daɗe, kamar mai sauraron wata magana daga nesa. Tana da shekara tara ta yi tambayar da ta zame mata aikin rayuwa.

"Inna, ruwan ga da ɗa ka kwana ciki, daga ina shika hitowa?"

"Allah ɗai yas sani, ɗiyata," in ji Iyatu. "Ni dai in na taɓa na ji ya ja baya, gabana hwaɗuwa shikai."

Neman Ilimi

Ta fara karatun allo tana da shekara biyar, aka sa ta firamare a 1969, ta wuce sakandaren 'yan mata a 1976, inda ta kammala a 1981 da sakamako mai kyau a fannin kimiyya. Malamanta sun riƙa kukan cewa hankalinta kan tafi yawo ana tsakiyar darasi, amma sun shaida cewa duk lokacin da aka dawo da ita da tambaya, amsarta daidai take. A 1982 ta samu gurbin karatun likita a Zariya. Malam Mode ya raka ta tasha da kansa, ya ɗora mata ƙullin shinkafar gonarsa, ya tsaya har motar ta ɓace.

A can ne, a shekararta ta uku, wani malami ya faɗa musu cikin jimla ɗaya cewa daga tsakiyar ciki zuwa haihuwa, mafi yawan ruwan da ɗan tayi ke kwance a cikinsa fitsarinsa ne: ƙodarsa ke fitar da shi, ya haɗiye, ƙodar ta sake fitarwa. Malamin ya wuce zuwa wani babi, ita kuwa ta zauna riƙe da alƙalami ba ta sake rubuta ko harafi ba har aka tashi. Da ta zo hutu ta labarta wa mahaifiyarta, Iyatu ta yi dariya har da hawaye, ta ce ashe shekara talatin tana auna fitsarin 'yan jarirai da tafin hannu ba ta sani ba. Nuriyya ta kammala karatu a 1988, ta dawo Sakkwato ta kama aiki a sashen mata da haihuwa na wani babban asibiti.

Aure da Rashin Ɗan Fari

A watan Disamba na 1989 aka ɗaura aurenta da Malam Jalaluddeen, malamin labarin ƙasa a wata kwaleji, mutum mai haƙuri da ƙarancin magana, suka zauna a unguwar Tudun Wada. A 1991 ta samu cikin fari. Aiki a lokacin ya yi yawa, likitoci kaɗan ne, takan wuni a tsaye a ɗakin haihuwa, har ciwon baya ya matsa mata. Daga wata na bakwai ta fara shan wani maganin ciwon jiki mai ƙarfi, safe da yamma, na tsawon makonni, domin kawai ta iya ƙarasa wuninta.

Wata Juma'a da rana ta je gaida iyayenta, Iyatu ta dube ta tun daga zaure, ta ce ta kwanta. Ta aza hannu, ta rufe ido, ta daɗe fiye da yadda ta saba.

"Nuriyya, ruwan ɗan ga ya yi ƙaranci ƙwarai. Ki tahi su duba ki yau, kada ki bari sai gobe."

Hoton ciki ya tabbatar da maganar ungozoma. Aka yi mata tiyata aka ciro yaro namiji, cikakken halitta, mai gashi baƙi ƙirin. Mahaifinsa ya yi masa huɗuba da sunan Malam Mode. Ya rayu kwana biyu da wuni ɗaya, kuma a tsawon wannan lokaci Nuriyya ta riƙa duba zanen da aka shimfiɗa masa tana tarar da shi a bushe. Ya rasu ba tare da ya yi fitsari ba.

Babu wanda ya iya tabbatar mata da musabbabin rasuwarsa. Abokan aikinta suka ce ƙaddara ce, ita ma ta yi imani da haka, amma ta ajiye kwalin maganin a cikin akwatinta, kuma ta shafe kusan shekara guda ba ta shiga ɗakin haihuwa ba sai da ƙyar. Malam Jalaluddeen bai taɓa ɗora mata laifi ba. Abin da ya ce mata kawai shi ne, idan tana ganin akwai abin da ba a sani ba, to ta tafi ta nemo shi, shi zai riƙe gida. Allah ya ba su Balkisu a 1993 da Gazali a 1995, kuma a cikin biyun nan ko ƙwaya ɗaya ta ciwon jiki ba ta saka a bakinta ba.

Shekaru Biyu Tare da Tumaki

A 1996 ta samu damar zuwa ƙasar Ostareliya domin nazari a wani ɗakin bincike inda ake amfani da tumaki masu ciki wajen fahimtar rayuwar ɗan tayi. Ta bar yaranta biyu a hannun mijinta da mahaifiyarta. A can akan yi wa tunkiya tiyata a saƙala wata 'yar na'ura a jijiyar da ke kai jini ƙodar ɗan da ke cikinta, a ɗinke, tunkiya ta warke ta ci gaba da tuƙa, alhali wata allura tana zana adadin jinin a kan doguwar takarda.

Takan ce waɗannan ne ranaku mafi natsuwa a rayuwarta. Takan zauna daga hantsi zuwa yamma a gefen tunkiyar, hasken baƙuwar rana yana shigowa ta taga, takarda tana sulalowa ƙasa a hankali kamar zaren da ake saƙa, ita kuwa tana kallon layin yana hawa yana sauka. Daga wannan layin take gane lokacin da ɗan tunkiyar ya yi barci, da lokacin da ya juya, da lokacin da ya haɗiyi ruwa. Wani lokaci takan ji kamar ita ce a ciki, cikin duhu mai ɗumi inda babu sama babu ƙasa, babu sauti sai bugun zuciyoyi biyu, ɗaya a kusa ɗaya a nesa. Sau da yawa sai tunkiyar ta buga ƙafa sannan take dawowa hayyacinta.

A can ta ga da idonta abin da littattafai suka taƙaita. Ƙodar babban mutum tana karɓar kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke bugawa, amma ta ɗan tayi ba ta samun fiye da 'yan kaso kaɗan cikin ɗari, domin mabiyiya ce ke tsabtace masa jini, kuma jijiyoyin ƙodarsa a matse suke. Wannan ɗan rabon ba a bar shi haka sakaka ba. Akwai jijiyoyin saƙo da ke matse hanyar, akwai sinadarin da ƙodar kanta ke fitarwa yana ƙara matsewa, sannan akwai wani da ke sassautawa domin kada hanyar ta rufe gaba ɗaya. Idan iska ko abinci ya ragu daga wajen uwa, jikin ɗan tayi kan rage wa ƙoda ya tura jinin zuwa ƙwaƙwalwa da zuciya. Ta fahimci kuma cewa ƙananan matatun da ke cikin ƙoda, waɗanda yawansu kan kai miliyan a kowace ɗaya, ana gina su ne har zuwa wajen mako na talatin da shida, daga nan ba a ƙara ko guda har ƙarshen rayuwa.

A watan Yuni na 1997 aka ba wata tunkiya magani ɗan'uwan wanda ta sha shekara shida da suka wuce. Maganin yana toshe sinadarin nan mai sassautawa. Ta zauna tana kallo, cikin sa'o'i kaɗan fitsarin ɗan tunkiyar ya ragu, layin ya yi ƙasa ya kwanta. Ta rubuta lokaci da adadi kamar yadda aka koya mata, ta fita bayan ginin ta yi alwala, ta yi sallar la'asar a kan ciyawa, ta daɗe a zaune. Ta tura wa mijinta wasiƙa mai layi uku, ta ce ta samu abin da ta je nema, kuma ta so a ce ba shi ta samu ba.

Dawowa Gida da Lamarin Miriam

Ta dawo Sakkwato a 1998 da takardar digirin digirgir da wata tsohuwar na'urar hoton ciki mai iya jiyo tafiyar jini, wadda malamanta suka ba ta kyauta. Iyatu ta rasu a shekarar da ta biyo baya, wata biyu kafin haihuwar Nabila, autar Nuriyya. Malam Mode ya bi matarsa a 2002.

Ranakun Talata da Alhamis ta ware wa masu cikin da ruwansu ya yi ƙaranci. Ɗakin ƙarami ne, an rufe tagarsa da shuɗin labule, kuma matan da suka shiga sun riƙa cewa mutum kan manta da hayaniyar keke-napep da ke waje. Idan ta aza na'urar a daidai ƙodar ɗan tayi, sai ɗakin ya cika da wani sauti mai kama da iska tana kaɗa ganyen shinkafa, yana zuwa yana komawa. Ga matan karkara takan yi bayani da abin da suka sani, ta ce idan ruwa ya ja baya a fadama manomi kan toshe wasu hanyoyi ya bar wa fangalin da ba zai iya rasawa ba, haka jikin ɗan yake yi da jininsa, kuma ƙoda na cikin waɗanda ake fara toshe wa.

A watan Maris na 2004 aka kawo mata Miriam, malamar firamare da ke zaune a Gidan Dahala, 'yar asalin Filato, tare da mijinta Godwin, kafinta. Cikin Miriam na mako ashirin da tara, ta riga ta yi ɓari biyu, ruwan ya kusa ƙarewa, kuma manyan likitoci biyu sun yanke shawarar a ciro ɗan a ranar a sa shi a kwalba. Nuriyya ta san bakwaini irin wannan ba kowa ke tsira ba, kuma ko ya tsira, ƙodarsa ba ta gama ginuwa ba. Ta duba mabiyiya ta ga lafiya lau, ta duba ƙodojin ta ga halittarsu cikakkiya ce, jinin ne kawai ke shiga da ƙyar. Ta tambayi Miriam ko tana shan wani magani.

"Likita, ni ban sha komai ba sai wanda aka ba ni wajen awo."

Godwin ya laluba aljihun rigarsa ya fito da wani ɗan fakiti da ya motse.

"Ranki ya daɗe, sai dai wannan na ciwon baya. Ni nake sayo mata a kemis, tana tsayuwa a aji duk wuni. Ai ba mu ɗauke shi magani ba."

Nuriyya ta juya fakitin ta karanta, ta ajiye shi a kan tebur a hankali. Ta ce wa abokan aikinta a ba ta kwanaki, ta sa hannu a takarda cewa alhakin jinkirin yana wuyanta. Ba ta da tabbacin komai, kuma ta faɗa wa ma'auratan haka ƙarara. Aka kwantar da Miriam, aka daina maganin, aka riƙa duba ta safe da yamma. Kwana uku babu wani sauyi, har ɗaya daga cikin likitocin ya daina yi wa Nuriyya magana a kan hanya. A rana ta huɗu da hantsi wani ɗan baƙin ɗigo ya bayyana a fuskar na'urar, ƙarami kamar ƙwayar gero, ya riƙa girma suna kallo. Nuriyya ta nuna da yatsa ta ce wannan mafitsara ce, ta fara cika. Miriam ta rufe fuska da gyalenta. A rana ta tara ɗan ya samu ruwan da zai miƙe ƙafa. An haifi 'ya mace a mako na talatin da bakwai, kuma ma'aikatan jinya sun daɗe suna ba da labarin yadda Dakta Nuriyya ta tsaya a kan jaririyar ba ta motsa ba har sai da ta ga ta jiƙe zane.

Wa'azin Kemis da Matsayin Farfesa

Daga wannan shekarar ta fitar da aikinta waje da asibiti. Ranakun Asabar takan bi shagunan magani na Gidan Igwai da Tudun Wada ɗaya bayan ɗaya, da fakiti a hannu, tana roƙon masu shago kada su sayar wa mai babban ciki irin wannan magani ba tare da takardar likita ba. Wasu sun karɓa da godiya, wasu sun ce ta zo toshe musu hanyar abinci. Ta yi shekara biyar tana gabatar da shiri a rediyo, ta kuma riƙa tara ungozomai tana sa su taɓa ciki su faɗi abin da suka ji kafin ta kunna na'ura, kuma ta rubuta cewa a mafi yawan lokuta hannun tsofaffin bai yi kuskure ba. Ta wallafa nazarce-nazarce da dama kan tafiyar jini zuwa ƙodar ɗan tayi a cikin matan da ke fama da zazzaɓin sauro da ƙarancin jini, aka ɗaga ta zuwa matsayin farfesa a 2011. Ta sauke farali a 2013 tare da mijinta.

Shekarun Ƙarshe

A 2016 hawan jini ya kama ta, gwaji ya nuna ƙodojinta ƙanana ne kuma sun fara gajiya, alhali ba ta da ciwon suga, ba ta kuma san wani a zuriyarsu da ya yi irin wannan ciwo ba. Da wanta Muntari ya zo duba ta, ya ji bayanin, sai ya faɗa mata abin da ba a taɓa faɗa mata ba.

"Ke ba ki san yadda anka haihe ki ba. Shekarar da ruwa yac cinye shinkahwar Baba ta, Inna kuma ta sha masassara har ƙarshen cikin. Da kinka zo, tahin hannuna biyu kika cikawa. An hana mu hwaɗi don kada ki taso kina ganin kanki ragguwa."

Nuriyya ta yi murmushi, ta ce ashe tun kafin ta ga hasken duniya jikinta ya zaɓi kai ya bar ƙoda, kuma ba ta da ƙorafi, domin kan ya yi mata aiki. Ta ci gaba da koyarwa. A 2020 aka fara yi mata wankin ƙoda sau biyu a mako, ta yi ritaya daga ganin marasa lafiya a 2022. Ɗanta Gazali ya je a ɓoye aka gwada shi, aka ga jininsu ya dace, ya zo ya durƙusa a gabanta ya ce ta karɓi ƙodarsa guda. Likitoci suka yi mata bayanin da ta riga ta sani, cewa mutum na rayuwa lafiya da ƙoda ɗaya. Mijinta ya sa baki, wanta ya sa baki. Ta saurare su duka, ta dafa kan Gazali.

"Wata tara na yi ina gadin ƙodar ga taka, da ciwon baya, ban sha ko ƙwaya guda ba. Ba ni karɓe ta. Allah shi yi maka albarka."

Ba ta sake yarda an tayar da maganar ba. A watanninta na ƙarshe takan zauna da yamma a tsakar gida a kan kujerar roba, ido a lumshe, tana jan carbi, wani lokaci har a zaci barci take yi. Ta ce wa Balkisu a kwanakin nan takan ji jikinta ya yi sauƙi, kamar ruwa ne ke ɗauke da ita. Nabila, wadda ta yi aure a 2022, ta dawo gida goyon ciki a farkon Janairu na 2024. Ranar Laraba ta ƙarshe a rayuwarta, Nuriyya ta sa aka shimfiɗa tabarma kusa da gadonta, ta ce Nabila ta matso. Ta miƙa hannayenta da suka rame ta aza a kan cikin, ta rufe ido, ta daɗe. Da ta buɗe ta ce ruwan ya isa, kada kowa ya tayar da hankalinsa.

Wafati da Jana'iza

Allah ya yi wa Farfesa Nuriyya Mode rasuwa da safiyar Juma'a, 14 ga Rajab 1445, daidai da 26 ga Janairu 2024, a gidanta da ke Tudun Wada, tana da shekara sittin da ɗaya. An yi mata sallah bayan an sauko daga Juma'a, aka kai ta makwancinta a makabartar unguwa, cikin taron da ya haɗa malamai, likitoci, ɗalibanta, manoman fadama da masu shagunan magani. Allah ya jiƙanta, ya sa Aljanna ce makomarta.

Ta rasu ta bar mijinta, Malam Jalaluddeen, da wanta, Malam Muntari Mode, da 'ya'ya uku: Balkisu, malamar lissafi a Sakkwato, Gazali, injiniyan ruwa, da Nabila, ma'aikaciyar jinya. Ta bar jikoki huɗu. Na biyar ya zo duniya kwana goma sha tara bayan rasuwarta, namiji, kilo uku da rabi, lafiyarsa ƙalau.